Kafin Ka Zuba Kuɗi a Tallan "A Danna Ka Biya": Kalmomin da Za Ka Tarar a Rahoto

Ina da ɗan ofis a wajajen Zoo Road, sana'ata kuma ita ce saka wa 'yan kasuwa talla a Google da Facebook da Instagram. Yawancin masu zuwa wurina 'yan Kantin Kwari ne da 'yan Farm Centre, sai masu haɗa sola, da mata masu sayar da turaren wuta da humra daga gida. Kowa da tambaya ɗaya yake shigowa: nawa zan saka? Nakan ce a ajiye zancen nawa tukuna, a fara sanin a kan me za a caje ka. Rahoton talla cike yake da haruffa irin su CPC da CTR da CPA. Wanda bai iya karanta su ba, ko da hannunsa ya saka tallan ba zai san inda kuɗinsa ya shige ba, in kuwa wani ya ba aikin, to duk abin da aka gaya masa shi zai karɓa ya yi godiya.

Tsarin da ake kira PPC, wato "a danna ka biya", ma'anarsa ba ka biyan ko sisi don an nuna tallanka, sai wani ya danna shi. Ɗan Kwari ya san yaran nan da ke tare baƙo tun daga bakin titi su rako shi har ƙofar shago. Ka ɗauka kun yi da yaron cewa za ka sallame shi a kan kowane mutum da ya kawo, ko mutumin ya saya, ko ya taya ya wuce, ko ya shigo ne kawai ya sha iskar fanka. Haka PPC yake. Ana kawo maka mutum ka biya, ciniki kuma ya rage tsakaninka da shi.

Abin ba sabo ba ne. Wani kamfani a Amurka mai suna GoTo.com ne ya yi fice da shi tun 1998. Google ya buɗe nasa dandalin, AdWords, a 2000, ya koma cajin dannawa a 2002, sannan a 2018 ya sauya masa suna zuwa Google Ads. In ka ci karo da tsohon bidiyo ana ta faɗin AdWords, shi ne dai.

Daga fitowa zuwa dannawa

Duk lokacin da tallanka ya bayyana a wayar wani, an ƙirga fitowa ɗaya, wadda masu harkar ke ce wa imfireshan. Fitowa ba gani ba ce. Mutum zai iya wuce tallan da yatsa bai ma lura ba, kuma an ƙirga. Haka nan fitowa 10,000 ba mutum 10,000 ba ne. A Facebook da Instagram akwai gurbi daban da ke nuna adadin mutanen da tallan ya isa gare su, da wani gurbin mai nuna sau nawa kowane mutum ya gan shi a matsakaici. In fitowa 10,000 ce kuma mutanen 2,500 ne, kowa ya gan shi kamar sau 4 ke nan. In ka ga wannan lamba tana ta hawa alhali saƙonni na raguwa, mutane sun gaji da hoton, sai a sauya.

CTR shi ne kason da suka danna cikin fitowar. A raba dannawa da fitowa, a ninka da 100. Zan ɗauki misali guda in yi ta amfani da shi, kuma lambobin misali ne kawai na ƙirƙira don lissafi ya fito, ba farashin kasuwa ba ne. A ce tallan wani shagon atamfa ya fito sau 10,000, aka danna sau 200, aka kashe naira 20,000. CTR ɗinsa kashi 2 cikin 100. CPC, wato abin da kowace dannawa ta ci, naira 20,000 a raba 200, naira 100 ke nan. CPM kuma kuɗin fitowa dubu ne, a nan naira 2,000.

Akwai abu biyu da ke rikita mutane a Facebook. Na farko, a mafi yawan tallan da ake sakawa a can, a kan fitowa ake cire kuɗi, ba a kan dannawa ba. CPC ɗin da kake gani a rahoto lissafi ne da aka yi daga baya. Google ne a shafin bincikensa yake cajin dannawa kai tsaye. Na biyu, Facebook na da ƙidayar dannawa iri biyu. Ɗaya tana haɗa komai da komai: wanda ya taɓa hoton don ya girma, wanda ya buɗe sunan shafinka, wanda ya danna don ya ƙarasa karanta rubutun. Ɗayar kuma tana ƙirga waɗanda suka danna mahaɗin da zai kai su WhatsApp ɗinka ko shafinka. Ta biyun ita ce taka. In mai saka maka talla ya turo hoton rahoto da dannawa rututu, ka tambaye shi wacce daga cikin biyun ce wannan.

Kada CTR ya ɗauke maka hankali fiye da kima. Hoton kyakkyawar amarya cikin leshi zai jawo dannawa, amma samari ne za su cika maka akwati da sallama. Sau da yawa ma nakan rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin tallan da gangan. CTR zai sauka, amma wanda ya danna ya riga ya ga kuɗin kuma bai gudu ba.

Inda kuɗin yake

Kalmar da ta fi duk sauran nauyi ita ce konbashan, ni ina ce mata kamu. Shi ne abin da kake so mutum ya aikata bayan ya danna, kuma kai ne za ka faɗi ko mene ne: ya saya, ya kira waya, ya cike fom, ko ya turo saƙo. A Kano kusan kullum saƙon WhatsApp ne ko kira, domin 'yan kasuwarmu kaɗan ne ke da shafin da ake biya a kai kai tsaye. A nan matsalar take. Facebook zai iya ƙirga wanda ya fara yi maka magana, amma bai san wanda ya tura kuɗi ba, bai san wanda ya zo shago da tsabar kuɗi bayan kwana uku ba. Abin da yake kira sakamako, a wurinka farkon magana ne.

Saboda haka littafi nake sa kowa ya saya. Akwai wani dattijo a Kwari da nake yi wa aiki, ya ba yaron shagonsa littafin makaranta mai layi, muka ja masa gida biyar da biro: rana, abin da mutum ya tambaya, garin da yake, ya saya ko bai saya ba, da ribar da aka samu. Ran Asabar nakan je bayan la'asar, lokacin da layin ya ɗan lafa, in zauna a kan dilar atamfa, waya a hannu ɗaya littafi a ɗaya hannun.

Ya kan ce, "Yaro, wayar nan tun safe take ƙara, tallan nan ya karɓu."

In ce, "Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Cikin masu kiran nan mutum nawa suka turo kuɗi?"

Sai ya juya ya kira yaron ya kawo littafi.

Mu koma kan misalinmu. Dannawa 200 ta haifar da saƙo 30, cikin 30 ɗin mutum 6 suka saya. Rahoto zai nuna maka kowane saƙo ya tashi a kan kusan naira 667, abin sha'awa. Amma CPA na gaskiya, wato abin da ka kashe kafin ka sami mai saye ɗaya, naira 20,000 ne a raba 6, kusan naira 3,333. Yanzu sai a tambayi ribar da ke kan kayan. In turmi ɗaya kowa ya saya kuma ribar turmin naira 2,500 ce, ka ci ribar naira 15,000 ka biya talla naira 20,000. Faɗuwa ka yi, duk da wayar ta yini tana ƙara. In kuwa shadda ce yadi goma mai ribar naira 8,000, ka sami 48,000, tallan ya fitar da kansa har da rara mai kyau. Talla iri ɗaya, dannawa iri ɗaya, kayan da ke bayansa ne suka bambanta.

Sai ROAS, wanda masu saka talla suka fi son nunawa domin lambarsa na da daɗin ji. Ana raba cinikin da aka yi da kuɗin talla. In turmin nan naira 30,000 ne, mutum 6 sun kawo cinikin naira 180,000, a raba da 20,000, ROAS ya zama 9. Za a ce maka kowace naira ta dawo da tara. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai ciniki aka ƙirga, ba riba ba, kuma mun riga mun ga cewa a wannan lissafin asarar naira 5,000 aka yi. Hanyar da za ka san lambar da ta dace da kai ita ce ka raba farashin kaya da ribar da ke kansa. 30,000 a raba 2,500 ya ba da 12. Wato sai ROAS ya kai 12 kafin wannan shagon ya tashi ba riba ba faɗuwa. Mai humra da take haɗa kayanta da kanta, wadda rabin farashin riba ne, ita da ta wuce 2 ta fara ci. Kasuwar Kwari kasuwa ce ta riba ƙanƙanuwa da juyi mai yawa, don haka abin da ya yi wa mai turare daidai zai iya karya mai atamfa.

Ka kuma tuna da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin talla. Facebook ya fara karɓarsa daga masu talla a Najeriya tun Janairun 2022. Tallan naira 20,000 zai fita daga aljihunka a matsayin 21,500, kuma wannan ne ya kamata ka saka a lissafi.

Wani lokaci dai faɗuwar farko ba faɗuwa ba ce. In cikin mutum shidan nan akwai 'yar sari daga Jos ko Maiduguri da za ta riƙa yin oda duk wata ana kai mata tasha, to naira 3,333 da aka kashe a kanta araha ce. Shi ya sa na ƙara gida na shida a littafin Alhaji daga baya: wanda ya dawo.

Kalmar nema

A Facebook kai ne kake tare mutum yana cikin kallon hotunan biki. A Google shi ne ya zo nema da ƙafarsa, ya rubuta abin da yake so. Shi ya sa dannawar Google kan fi tsada, kuma kan fi kusa da ciniki, musamman ga kayan da ba a saye sai buƙata ta taso: sola, gyaran waya, haƙa rijiyar burtsatse, gidan haya.

Kiwod ita ce kalmar da ka gaya wa Google cewa in an neme ta ya nuna tallanka. Ana saka ta ta hanya uku. In ka rubuta ta haka nan ba wata alama, ka ba Google dama ya faɗaɗa, ya nuna tallan ga duk binciken da yake ganin yana da alaƙa, ko da kalmarka ba ta ciki. In ka saka ta tsakanin alamun zance, kamar "farashin shadda", tallan zai fita ga binciken da ya ƙunshi wannan ma'anar, ko da an yi ƙari a gaba ko a baya. In ka saka ta cikin baka mai kusurwa, kamar [farashin shadda], ka ƙuntata ta ga wannan ma'anar kaɗai da abin da ya yi kusa da ita sosai. Mai ƙaramin jari ya fara da ta biyu da ta uku. Ta farkon tana cin kuɗi da sauri, ba ta yi wa wanda bai riga ya tara bayanan masu saye ba.

Ka sani kiwod daban, abin da mutane suka rubuta da hannunsu daban. Google na da rahoto na musamman da ke nuna ainihin kalmomin da aka rubuta kafin a danna tallanka, kuma a ganina babu shafin da ya kai shi amfani a dandalin gaba ɗaya. Wani mai haɗa sola a Hotoro ya zo min da asusun da wani ya buɗe masa, yana kukan kuɗi na tafiya waya shiru. Muka buɗe wannan rahoton tare. Ga mai neman aiki a kamfanin sola, ga mai neman inda ake koyar da haɗa sola, ga ɗalibi mai neman bayanin yadda farantin sola ke aiki, ga mai neman tallafin gwamnati na sola kyauta. Kowannensu ya danna, kowannensu an biya. Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce, "Ashe makaranta na buɗe ban sani ba."

Maganin wannan shi ne kalmomin hani. Jeri ne da kake rubutawa kana cewa duk binciken da wannan kalmar ta fito a ciki, kada a nuna tallana. Aiki, koyo, kyauta, horo, tallafi, da takwarorinsu na Turanci, tunda yawancin masu bincike a nan gauraya harshen suke yi. Mai sayar da yadi ya hana kalmomin da masu neman salon ɗinki ke rubutawa, domin su hoto suke so su kai wa tela. Duk mako ka leƙa rahoton ka ƙara abin da ka gani. Kuma ka tuna mutane ba sa sa lanƙwasa a waya, dinki za su rubuta ba ɗinki ba, wani ya rubuta shadda wani shada. A jerin hani musamman, ka saka kowane salon rubutu da kansa.

Gwanjo da tayi

Duk lokacin da wani ya yi bincike, Google na yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son wannan kalmar. Tayinka shi ne iyakar abin da ka yarda ka biya a kan dannawa ɗaya. Amma ba wanda ya fi tayi ne kullum ke hawa sama ba, domin ana duba ingancin tallan. Google na ba kowace kiwod maki daga 1 zuwa 10, wanda ake kira kwaliti sko, kuma abu uku yake dubawa: yiwuwar a danna tallan, dacewar rubutun tallan da abin da aka nema, da kyawun shafin da mutum zai sauka a kai.

Ga lissafi mai sauƙi da ake koyar da sabon shiga da shi. Wani ya yi tayin naira 200, makinsa 4, a ninka ya ba da 800. Kai ka yi tayin naira 120, makinka 8, ya ba da 960. Kai ne a sama. Kuma ba 120 ɗin za ka biya ba, abin da zai ishe ka ka wuce na ƙasanka kawai za a cire, wato 800 a raba 8, naira 100 da ɗan ɗoriya. Ainihin lissafin Google ya fi haka sarƙaƙiya, yana duba wurin da mai binciken yake da irin wayarsa da wasu abubuwa, kuma shi kansa makin alama ce da ake nuna maka don ka gyara. Amma ma'anar ba ta sauya ba: talla mai kyau na biyan ƙasa da talla maras kyau a kan gurbi ɗaya. Wannan ne ke ba ƙaramin shago damar gogayya da babban kamfani.

Farashin gwanjon na hawa da sauka. Abin da na lura da shi a harkar yadi shi ne da azumi ya kama kowa zai fito da talla, dannawa ta yi tsada, alhali teloli sun kusa rufe karɓar ɗinkin salla. Gara a fara tun watan Sha'aban.

Shafin sauka shi ne inda mutum zai faɗa bayan ya danna. In ka tallata farar shadda, to farar shaddar nan ya tarar da farashinta da maɓallin WhatsApp, ba shafin farko mai tarihin kamfani da hoton maigida ba. Ka gwada buɗe shi da ƙaramar waya da data ta yau da kullum, ba da intanet ɗin ofis ba. In ya tsaya yana juyi, mutum zai koma baya, kuɗin dannawar kuwa an riga an cire. In WhatsApp ne shafin saukarka, wanda ke riƙe da wayar shi ne rabin tallan. Saƙon da aka amsa bayan awa biyar ya riga ya sayi kayansa a wani wuri.

Kasafi da wuri da lokaci

Kasafin rana a Google ba iyaka ba ne ta ƙarfe. In ka saka naira 5,000 a rana, zai iya kashe har ninki biyu a ranar da ya ga bincike ya yi yawa, ya rage a wata ranar. Abin da ya yi alkawari shi ne a wata ba za a caje ka fiye da kasafin ranar sau 30.4 ba, wato naira 152,000 a wannan misalin. Na faɗi wannan ne saboda yawan waɗanda ke kirana da sassafe hankali a tashe wai an yi musu kutse.

Wajen zaɓen wuri akwai wani ɗan saiti da ke ɓoye. Google zai tambaya ko tallan ya fita ga waɗanda suke cikin wurin, ko har da waɗanda suka nuna sha'awar wurin daga nesa. Mai gyaran waya a Farm Centre ko mai haɗa sola ya zaɓi na farko, in ya so ma ya zana da'irar kilomita kaɗan kewaye da shagonsa, don mutumin Legas ba zai kawo masa gyara ba. Ɗan Kwari kuwa duk inda mota ke zuwa daga tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa kasuwarsa ce, sai dai ya raba garuruwan don ya ga wanne ke saye, wanne ke tambaya kawai. Akwai kuma jadawalin sa'o'i. In babu mai amsa waya tsakar dare ko lokacin sallar Juma'a, a kashe tallan a wannan tsakanin.

Tsarin asusun hawa uku ne. Kamfen a sama, nan ake zaɓen manufa. A ƙarƙashinsa rukunin talla, nan ake tara kiwod masu dangi ɗaya a Google, ko a zaɓi irin mutanen da ake so a Facebook. Sai tallan kansa. Kada ka cusa shadda da atamfa da leshi cikin rukuni ɗaya, kowanne a ba shi nasa, don mai neman leshi ya ga tallan leshi. A tallan bincike na Google kowane kanu ba ya wuce harafi 30, bayani kuma harafi 90, za ka iya rubuta kanu har 15 da bayani 4 shi ya riƙa gauraya su. Ni a Google da sauƙaƙan Turanci nake rubutawa in bar sunayen kayan yadda muke kiransu, a Facebook da Instagram kuwa Hausa zalla ta fi jan mutanenmu.

Sabon talla a Facebook na shiga zangon koyo, inda na'urar ke lalube ta gano irin mutanen da ke amsawa. Ƙa'idarsu ita ce tana buƙatar sakamako kamar 50 cikin kwana bakwai kafin ta daidaita, kuma duk babban gyara da ka yi, ko na kasafi ko na hoto, na iya mayar da ita farko. Wata Hajiya mai turaren wuta a Tarauni kullum da dare sai ta sauya hoto don wata ƙawarta ta ce bai yi ba. Na ce, "Hajiya, don Allah a bar shi ya kwana bakwai, in bai yi ba ni da kaina zan sauke shi." Ta ce to, amma sai da na karɓi alkawari.

Za ka kuma ji ana maganar fiksel. 'Yar alama ce da ake dasawa a shafin intanet don ta gaya wa dandalin abin da baƙo ya yi bayan ya shigo, ita ce ke sa a iya sake bin wanda ya duba kaya bai saya ba da wani tallan. In ba ka da shafi, WhatsApp kaɗai kake amfani da shi, ba ta shafe ka ba tukuna, kada kowa ya caje ka kuɗin dasa ta.

Kada ka tura tallanka zauren dangi ka ce a taya ka dannawa. Kuɗinka suke ƙonawa da kyakkyawar niyya, kuma suna koya wa na'urar cewa irinsu ne masu sayen kayanka. Kai ma kada ka riƙa neman tallanka a Google don ka ga ko ya fito, akwai gurbin gwaji a cikin asusun da ke nuna maka shi ba tare da an ƙirga ba. Google na tace dannawar da ya gane ta bogi ce ya cire ta daga caji, amma ba zai gane ƙanin matarka da ya danna sau ɗaya don zumunci ba.

In za ka ba wani aikin, a buɗe asusun da imel ɗinka da shafinka da katinka, sannan ka ba shi izinin shiga a matsayin mai gudanarwa. Kuɗin talla ya tafi kai tsaye daga katinka zuwa dandalin, ladan aikinsa kuma ku yi shi daban a rubuce. Ta haka za ka iya buɗe rahoton da kanka duk lokacin da ka ga dama, kuma ranar da kuka rabu, jerin kalmomin hani da bayanan da aka tara da kuɗinka suna nan a hannunka. A rahoton mako ka nemi ya nuna maka abin da aka kashe har da haraji, dannawar mahaɗi, adadin saƙonni, da kalmomin da mutane suka rubuta a Google. Adadin waɗanda suka saya da ribar da aka ci kuwa ba shi zai kawo ba, daga littafin shago za su fito.